Shekara Talatin da Biyar a Ɗinke

Talata, 2 ga Mayu
Ciwon mara ya dawo. Karo na huɗu ke nan bana. Likitan unguwa ya sake rubuta min ƙwayoyin nan, ko ɗago kai bai yi ba.

Juma'a, 5 ga Mayu
An tura ni babban asibiti a cikin Melbourne. Tafintan da suka kawo namiji ne, kuma masallacinsu ɗaya da mijina Warsame! A gabansa zan faɗi abin da aka yi min ina shekara bakwai? Na ce a fitar da shi, Turancina ya isa.
Likitar ta ɗaga zane, ta ja numfashi. Wai ko zan yarda ɗalibanta biyu su gani, ba su taɓa ganin irin wannan kaciya ba. Na ce ni ba allo ba ce. Na ɗauki jakata. Na hau jirgin ƙasa na koma gida.

Lahadi, 14 ga Mayu
Na gaya wa Yaya Ubah. Ta ce, "Ke Deeqa, wa ya aike ki buɗe wa Turawa jikinki? Duk haka muke, wa ya mutu?" Ita da take kwana uku a kwance duk wata.

Laraba, 24 ga Mayu
Ban je aiki ba. Zazzaɓi.

Alhamis, 8 ga Yuni
Warsame ya kai ni wani asibitin mata, da ƙyar na sauka daga mota. Ungozomar 'yar Eritiriya ce, Letay. Ba ta taɓa ni ba sai da muka sha shayi. Ta ce ɗinkin da aka yi min lokacin kaciya ne ke tare ƙazanta, ana buɗewa, aikin ƙasa da awa ɗaya. Ta ce, "Ni ma an buɗe min, 'yar'uwa."
Ƙasa da awa ɗaya! Haihuwa biyu na yi a sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, sau biyu aka mayar da ni aka ɗinke. Shekara tara ina ƙasar nan ina haɗiyar ƙwayoyi, babu wanda ya faɗa min. Wa zan fara zagi?

Litinin, 19 ga Yuni
Inna ta kira daga can gida, Kismayo. Na tambaye ta me ya sa ta riƙe min ƙafa ranar kaciyar. Ta ce, "Ni ma an riƙe min." Na kashe wayar.

Talata, 4 ga Yuli
An yi.

Asabar, 15 ga Yuli
Har yanzu zama da zafi. Ban yafe wa kowa ba, a rubuta wannan.
Da safe na shiga bayi yin fitsari, kafin in gyara zama har na gama. Da ƙara, kamar an buɗe famfo. Ashe haka sauran mutane suke yi. Yaya Ubah tana falo, ta zo duba ni, ta ce me nake wa dariya ni kaɗai a bayi. Na ce ba komai.
Da za ta tafi ta tsaya ɗaura takalmi, ta daɗe. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Ita matar nan, wace rana take zama a asibitin?"
Na ce Alhamis. Na ce ina da hutu ranar.