Ƙasar Sawuna

Yamai, Mayu 1983

Inna,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar Baba? A gaida Zaliha da mutanen Karofane.

Bana ba zan zo shibka ba. Wurin aikinmu za su tura ni Kopenhag, babban birnin Danmark, koyon gyaran famfo. An ce akwai sanyi, amma na sayi riga mai kauri, kada ki damu. Na san da zancen tun zuwana gida na ƙarshe, na ci tuwonki na yi shiru.

Ba zan samu biyowa ta gida ba kafin in tafi, balle ki ɗebi ƙasar sawuna bakin ƙofa, yadda kika saba don in komo lafiya. Na taka da ƙafar dama na ɗebo, ga ta cikin ƙullin nan. Ta Yamai ce, Inna, ba ta gida ba. Ki gafarce ni, ki aje ta hakanan.

Ɗanki,
Rabo