Ƙyallayen da Ban Ƙona Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Ya ciwon bayan nan naka? Anti ta ce har yanzu kana ɗaga buhuna a sito kamar ɗan shekara ashirin, kuma ka ƙi zuwa a duba ka. Allah ya sawwaƙe, ya kuma rage maka taurin kai. Mu nan lafiya lau. Auta ta gama jarrabawa, tana gida ba ta da aiki sai buɗe tukunya da rufewa. An mayar da baban yara ofishin da ya fi kusa, ya huta da hawa mota biyu. Ƙafar Inna ta saɓe, tana takawa har bakin titi, sai dai ta rame, kuma a kanta ne na zauna rubuta maka.

Na san za ka ce me ya kawo takarda ga waya a hannu. Sau uku ina ɗauko maganar nan, sau uku kana ce mini in ji tsoron Allah in daina taɓa malamai, daga nan sai layi ya lalace a wajenka. Ita takarda ba a katse ta. Zan ɗauki hotonta in tura maka, don girman Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Ranar Litinin mai zuwa kwamitin bincike zai saurari iyalan mutum goma sha ɗaya da suka rasu a babban asibiti ranar da iskar oksijin ta ƙare, cikinsu har da Baba. An kira Inna, domin ita kaɗai ce a bakin gadonsa a lokacin. Ka kuma san wanda ake tuhuma, tsohon ministan lafiya, wanda mutanen gari suka raɗa wa suna Ba-Ni-Ba-Ne, saboda duk takardar da aka nuna masa amsarsa ke nan, ko da sa hannunsa ne ɓaro-ɓaro a ƙasa. To, jama'ar malamin nan da kake bi, Jagoranku, sun hana Inna sakat. Kullum sai an turo mata mata biyu, su zauna a ɗakinta su yi ta gaya mata cewa zuwa ba da shaida ja ne da ƙaddara, wai wanda ya kai ƙarar mutuwa yana hana mamaci kwanciya. Sun shirya wata takardar yafiya da za ta dangwala wa yatsa ranar Lahadi bayan karatu. Ba zan ci hakkinsu ba, lokacin da aka yi rasuwar sun tsaya mata, sun ɗebe mata kewa, ni kaina na ji daɗi da ka haɗa ta da su. Ashe ba mu san abin da ake kiwonta dominsa ba.

Da 'yan jarida suka tambayi Ba-Ni-Ba-Ne, ya rantse ko fuskar Jagora bai taɓa gani ba. Shi ma Jagora ya ce a wa'azi ƙafarsa ba ta taka gidan mai mulki, kai da kanka ka turo mini muryar. Ana ta faɗa a gari cewa filin da suka gina cibiyarsu na ƙaramin asibiti ne, cewa ana karɓe katin zaɓen mabiya a ajiye, cewa duk wanda ya yi tambaya sai a ce 'yan'uwansa su ƙaurace masa. Ni ban ga wannan da idona ba, ba zan rantse a kai ba. Ni tela ce. Abin da na sani yadi ne, kuma a kan yadi babu mai yi mini gardama.

Wata biyu da suka wuce shugabar matansu ta zo shagona, wadda muke ce wa Mai Turare, don kafin ta shigo layi an riga an san tana tafe. Ta ce aikin lada ta kawo mini, fararen mayafai ɗari uku na matan karatu. Washegari mota ta sauke bandir-bandir na farin yadi, auduga zalla mai kauri, irin wanda ba a samu a kasuwa yanzu. Ina warware na farko sai na ga shuɗin tambari a gefensa, duk bayan taƙi biyu an buga shi, an rubuta cewa na asibitocin gwamnati ne, ba na sayarwa ba. Na nuna mata. Ko a jikinta, ta ce in yanke gefen nan faɗin yatsa uku in ƙone shi, don rubutu ba ya kyau a jikin tufar ibada. A nan zan faɗi nawa laifin tun kafin ka faɗa mini. Na gani, na karanta, na ce wa zuciyata wataƙila ragowa ce aka yi gwanjonta. Aiki ya zo mini a lokacin da keke ya kwana biyu a rufe, sai na kawar da kai na ɗauki almakashi. Wannan abin yana ci mini rai har yau.

Amma Mai Turare ba ta san halin tela ba. Wane tela ne yake ƙona ƙyalle? Mu da ko guntun da bai kai tafin hannu ba muna ajiyewa don cikon matashi. Duk abin da na yanke na cusa a buhu na tura ƙarƙashin teburin guga, na manta da shi. Shi kuma yadin, da yake ba don mayafi aka saƙa shi ba, faɗinsa bai kai ba bayan an rage gefe. Dole na riƙa yin haɗi, ɗinkin ya faɗo daidai kafaɗar hagu a kowane ɗaya. Na ji haushin wannan haɗin sosai, don ba na son aikina ya fita da tabo.

Ranar da Ba-Ni-Ba-Ne ya fara bayyana gaban kwamiti, ina kan keke da rana sai mai askin da ke kusa da ni ya ƙwala mini kira, ya ce in zo in ga ikon Allah a talabijin. Mata ne jingim a ƙofar zauren, duk cikin fari, suna ɗaga alluna an rubuta wai iyaye mata sun yafe. Mai karanta labarai yana cewa sun taru ne don kansu daga unguwanni daban-daban, babu wanda ya gayyace su. Ni kuwa kafaɗunsu nake kallo. Haɗina ne, Yaya, a jikin kowace ɗaya, layi bayan layi. Kafin in rufe baki aka matso da hoton sahun gaba, sai ga Inna. Innarmu, riƙe da allon da ba ta iya karantawa, tana kare rana da gefen hannu. Aka ce ga ma matar ɗaya daga cikin mamatan ta zo da kanta. Wa ya gaya musu ko ita wace ce? Wa ya tsayar da ita a gaba? Da ta dawo bayan la'asar, ƙafa a kumbure, ta ce mini cewa aka yi su fito addu'ar marasa lafiya.

Na koma shago, na jawo buhun nan na zazzage shi a ƙasa. Kai ba ka ga ɗakin da aka kwantar da Baba ba. A kan tsurar ledar katifa muka same shi, tana manne masa a baya saboda gumi. Da na yi magana, wata nas ta ce shekara biyu ke nan ba a kawo musu zanen gado ko ɗaya ba, kullum sai a ce yana hanya. Gida na tafi ɗauko masa wani zanen ranar, shi ya sa ba na wurin lokacin da ya cika. Ashe ga inda hanyar ta ɓulle. Zanen gadon marasa lafiya aka ɗauko, aka ba 'yar mamaci ta ɗinka da hannunta, aka yafa wa matar mamaci, aka tsayar da ita a rana tana wanke mutumin da ake tuhuma da ran mijinta. Wallahi ban taɓa ganin rainin wayo irin wannan ba. Kuma a ce mutanen nan ba su san juna ba? To yadin ƙafa gare shi, ya fito daga sito ya nemi gidan Jagora da kansa?

Ban iya haƙuri ba, na tafi wurin Mai Turare. Ta karɓe ni da murmushi har kunne, ta ce yadin sadaka ce daga wani bawan Allah da ba ya son a ambaci sunansa, mai neman sanin sunan kuwa yana ɓata masa lada. Sai ta rage murya ta tambaye ni ko na ƙone gefen kamar yadda ta ce. Na ce mata ashanata ta ƙare. Washegari da hantsi wasu mata biyu suka zo shago, wai suna sayen ƙyalle don cikon matashi, kuma fari kaɗai suke so, ko nawa ne. Shekara goma sha bakwai ina ɗinki, ban taɓa ganin matashin da yake zaɓen launin cikinsa ba. Na sallame su. Tun daga ranar matan karatu suka kwashe ɗinkunansu, har wanda na riga na yanka. Mai shagon da nake haya kuma, da bai taɓa yi mini maganar banza ba, ya fara cewa ɗan'uwansa yana neman wuri. Baban yara ya ɗauke buhun daga shagon. Ba zan gaya maka inda yake ba, kuma ka yi haƙuri, zuciyata ta yi zafi da na ga yau ina ɓoye wa yayana abu.

Shekaranjiya na ɗauki ƙyalle ɗaya na kai wa Inna. Na ɗauko mayafin nata, na haɗa bakin da bakin a kan tabarma ta ga yadda suka dace, sannan na karanta mata tambarin, na kuma gaya mata abin da aka rubuta a allon da ta ɗaga. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta daɗe tana shafa yadin, can ta ce ita ba ta yafe wa kowa a gaban duniya ba, domin babu wanda ya zo ya nemi yafiyarta. Na ce to ta je ranar Litinin ta faɗi haka. Sai ta ce ba za ta ɗaga ƙafa ba sai da izininka, tunda Baba ya tafi kai ne uba a gidan nan, kuma kai ka ce mata duk abin da Jagora ya ce ta bi ido rufe. Ka ga inda maganarka ta kai mu. Kana can kana sauraren murya mai daɗi a waya bayan ka tashi aiki, mu muna nan muna ganin hannun mai muryar.

Ni dai na yanke shawara. Ko Inna ta je ko ba ta je ba, ranar Litinin zan kai buhun nan gaban kwamiti, in faɗi wanda ya kawo yadin, in faɗi cewa na ga tambarin na yi shiru na ɗinka. In shagon ne zai tafi, ya tafi. Amma ƙyallayena maganar yadi kawai za su yi. Maganar Baba a bakin Inna take, in ta dangwala yatsa ranar Lahadi kuwa an rufe ta ke nan har abada.

Ba na ce ka bar Jagoranka ba, wannan tsakaninka ne da Allah. Ban ma ce ka umarci Inna ta je ba. Abu ɗaya nake roƙo. Shekara ɗaya da rabi ke nan da rasuwar, kana kiranta duk mako, ka tambayi maganinta, ka tambayi rufin ɗaki, ka tambayi ko ta je karatu. Jiya take gaya mini ba ka taɓa tambayarta yadda Baba ya cika ba, ko sau ɗaya. Ta ce ta ɗauka ba ka son ji ne, shi ya sa da aka ce mata shiru ibada ne ta yarda. Ka kira ta kafin Lahadi. Ka tambaye ta abin da ta gani a ɗakin nan daga lokacin da injin iskar ya tsaya, ka yi shiru har ta gama, kada layi ya lalace. In ka ji duka, kuma bakinka ya iya ce mata ta dangwala yatsa, to ka faɗa mata da kanka.

Ka gaida Anti da kyau, ka ce na gode da saƙon man zafi. Ka shafa mini kan Baba Ƙarami da 'yan biyu. Gwaggo da Kawu suna gaishe ka, baban yara ma haka. Inna ba ta san na rubuto maka ba. Na sa Auta ta cika mata waya da caji ta ƙure ƙarar, tana nan a gefen filonta.

Ƙanwarka mai ƙaunarka duk da fushi,
Tela