Dambun Bashiru

Alhamis da dare, Gwandu

Ni na ja wa kaina. Na ɗauki azumin nafila don Allah Ya fito min da ɗana Bashiru, na kuma kai masa dambun uwarsa gidan yari, na manta ba a shiga da abinci sai mai kawowa ya ɗanɗana. Ganduroba ya miƙo cokali. Na ce, "Yallaɓai, azumi nake." Ya ce, "To Baba, dambun ya jira magariba a waje." Na ci. Don rashin kunya har na ƙara, Hajara ta iya dambu.

Bashiru ya rame, ga ƙazuwa a hannu, kuma har yau ba a kai shi gaban alƙali ba. Ya ce ɗakin ya cika, barci bi da bi suke yi, wasu a zaune. Na ce gado ya yi, ni ma a zaune na yi barcin firamare har aka kore ni. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa.

Tun daga Kalgo, a hanyar dawowa, nake shirya abin faɗa wa uwarsa. Ina shigowa Hajara ta ce, "Malam, ƙaƙa ka iske shi?" Na ce har kumatu ya yi. Ta yi hamdala, ga ta nan tana barci, ni na kasa.

Ta ce mako mai zuwa da ita za a je. Kafin nan dole in zaunar da ita in gaya mata gaskiya, kuma na rasa wasan da zan fara da shi.