Irin Geronki da Zoɓon Mai Ziko

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, tare da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji, na rubuto ne in faɗa miki gaskiyar abin da ya sami irin geronki. Na yi miki ƙarya a kansa, kika rasu ban warware ba. Masu karantawa su karanta, dama abin kunyar nawa ne.

Kwanan baya na ji a rediyo wai jakadu sun zauna an daidaita, ƙasar Meziko ta sake buɗe wa zoɓonmu ƙofa. Mai karanta labaran har da fara'a a muryarsa, yana ta zancen zumunci tsakanin ƙasashe biyu. Na kashe rediyon na ɗauko takarda.

Kin tuna yadda abin ya faro. Dillalai suka shigo kasuwar garin Babban Mutum da sikeli suna wawason zoɓo. Zoɓon nan dai da ku mata kuke shukawa a bakin gona don a san iyaka, ku yi miya da yakuwarsa. Suka ce wasu mutane ne can bayan teku, suna jiƙa shi su sha da sanyi kamar yadda muke yi. Ke kuwa da kika ji sunan ƙasar, Meziko, sai kika ɗauka mutum ne, wani attajiri Mai Ziko. Na yi bayani har bakina ya bushe, kika ce, "To shi Mai Zikon nan, wa ya san ƙofar gidansa?" Na yi dariya. Ni ne fa mai sakandare, na taɓa ganin taswira.

Shekarar farko na ba zoɓo rabin gona. Na sayi mashin, na yi wa ɗakinki rufin kwano, kai ya kumbura. Shekara ta biyu na ce gonar gaba ɗaya. Kika ce, "Ba a tuƙa tuwo da zoɓo." Kika zauna kika tsinci zangarniya masu kyau daga geron bara, kika naɗe su a buhu, kika sa na rataye miki a ɗaka. Irin da kika zo da shi ne daga gidan mahaifinki a tsallaken iyaka, mai nuna da wuri tun na mutane bai fid da kai ba. Kika ce ranar da hankali ya dawo gida, ga shi nan.

Da kaka muka tsinke muka shanya. Hannun Rabi matata ya yi jawur, yana ƙaiƙayi har ta kasa barci. Buhuna suka cika zaure. Sai dillalai suka yi ɗif. Daga baya muka ji wai an ga ƙwaro a wasu buhuna can a tashar jiragen ruwansu, ba a ma san na wane gari ba ne, suka rufe wa ƙasarmu ƙofa ɗungurungum. Ƙwaron da ban taɓa gani ba, a garin da ban taɓa takawa ba, shi ya shigo har zaurena.

Da na faɗa miki, kika ce, "A tara dattawa a je a ba Mai Ziko haƙuri. A tafi da goro." Wannan karon ban yi dariya ba. Da akwai ƙofar gidan, Inna, da na je na durƙusa. Babu. Manya suka yi ta kai-komo a jirgin sama, yau a ce an kusa, gobe a ce da saura, mu kuwa zoɓo yana ta baƙi a buhu.

Na sayar da shi a wulaƙance. Awaki suka bi, mashin ya bi. Bazara ta tsananta, ciwo ya kwantar da ke, ba abin da yake wuce miki maƙogwaro sai kunu, gidan kuma babu ƙwayar gero.

Ga inda laifin yake. Da na ɗauki ƙwarya na je gidan Kawu Bala, ƙaninki, wallahi da ya ba ni. Amma shi ne na yi wa dariya a majalisa, na ce masu noman gero su ne har yanzu ba su waye ba. Na kasa taka ƙofarsa. Girman kai ne zalla, ba wani abu ba.

Wata rana da azahar kina barci, na sauke buhun nan. Na kwashe zangarniyar, na cusa kara a madadinta don ya yi tudu, na mayar da shi inda yake. Rabi ta ce, "Malam, iri ne fa." Na daka mata tsawa. Ta tafi maƙwabta ta daka don kada ki ji ƙarar turmi, ta dawo idonta ya kumbura.

Kika tambaya ina aka samo gero, na ce Kawu ne ya aiko. Kika sha, kika daɗe da kofin a hannu, kika ce, "Allah ya saka wa Bala." Sannan kika nuna buhun da haɓa kika ce, "Ruwan farko yana sauka ka shuka shi, kada ka jira na biyu." Na ce to, Inna.

Ba ki ga ruwan farkon ba.

Bayan sadakar arba'in na bi ta iyakar Kongolam na tsallaka har ƙauyen mahaifinki, gida-gida ina tambaya. Tsofaffi sun san irin, sun ma kwatanta mini shi, amma kowa ya ce ya daɗe da barinsa. Naki ne na ƙarshe da na sani. Yanzu na kasuwa nake shukawa, wata shekara ya yi, wata shekara ruwa ya ɗauke ya bar shi tsaye ba ido.

Dillalan sun dawo da sikelinsu. Maƙwabta har sun fara lissafin gonakin da za su ba zoɓo bana. Ba na hana kowa, wa zai saurari mai baki irin nawa. Su ma mutanen can ban riƙe su ba. Gonakinsu suka kare daga ƙwaro, ni ne ban kare tawa ba.

Abu ɗaya ne yake hana ni sakat. Rabi ta ce kin gane. Ta ce macen da ta shekara hamsin tana dama geron nan ba za ta ɓata ɗanɗanonsa ba, kin yi shiru ne kawai ki rufa mini asiri a gaban matata. Na yi mata musu, amma na tuna yadda kika daɗe da kofin nan a hannu. In haka ne, Inna, kin san kara ne a buhun lokacin da kika ce in shuka, kuma kin ji na ce to.

Ki yafe mini, Innata.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya shayar da ke daga tafkin Alkausara. Allah ya sa haƙurin da kika yi da ni ya zame miki nauyi a mizani, ya haɗa fuskokinmu a inda ba a ɓoye komai. Amin.

Ɗanki na fari,
wanda kunya ba ta taɓa barin ki kin kira sunansa ba.