Ganga Zalla

Daren Talata, Ƙarfi

Yau na je Funtua wurin Nasiru ɗan ƙanwata, mai haɗa kiɗa a kwamfuta. Ya daɗe yana damuna, wai tsohon kiɗa yake so ya gutsura ya sa a sabo. Na sha yawon gidajen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kafin na samo kaset ɗin wata gayya, inda nake kan gangar noma ina kiran manoma ɗaya bayan ɗaya. Na ce to, su Tanko da na kira a ciki za su sake shiga kunnen mutane.

Da ya kunna kaset ɗin, duk inda na kira suna sai yaron nan ya wuce da sauri. Can ya tsaya. "Yawwa Kawu, nan! Babu murya, ganga zalla."

Na ce, "Kai, nan fa numfashi nake mayarwa."

Ya ce, "Nan ɗin ne mai tsabta. Sunayen nan wa ya san su?"

Na bar masa kaset ɗin na fito. A mota na yi ta jero su a zuci, sai biyu suka ɓace mini. Har yanzu ban tuno su ba, kuma kunya ta hana ni kiransa ya kunna mini.