Ƙafafun Kaka Labbo

Litinin, 1 ga Yuli
Matata Zulaihatu ta sauka lafiya, namiji! Za ni sa mashi sunan kakana, Muhammadu Labbo. Na ciro tsohon hotonshi daga bangon ɗakin Inna Rahmatu, matarshi, na kawo shagona na hoto nan garin Isa in faɗaɗa shi kafin suna. Babbar riga, agogo a hannu, rediyo bisa cinya. Surukaina na Sabon Birni su zo su ga irin gidan da ɗiyarsu ta shigo. Abu guda ya ɓata hoton: ba takalmi, ƙafafun duk faso.

Talata, 2 ga Yuli
Na sa mashi baƙin sau-ciki a kwamfuta. Yanzu ya cika attajiri.

Alhamis, 4 ga Yuli
Wani dattijo daga Bafarawa ya kawo hoton mahaifinshi in gyara. Rigar nan dai, agogon nan, rediyon nan, har da tabon da ke wuyan rigar. Na nuna mashi na kakana. Ya ce ai kayan mai hoto ne, wani mutumin Madawa da ke zagaya kasuwanni da akwati mai ƙafa uku, yana cusa kai cikin baƙin ƙyalle. Duk wanda ya zauna sai a ara mashi. Kalilu abokin aikina ya yi dariya har ya zame daga kujera, wai kawunshi na Tozai ma yana da wannan dukiyar.

Ni kuwa na riga na cika baki gaban surukai. Raina ya ɓaci, gaskiya.

Juma'a, 5 ga Yuli
Kalilu ya raɗa mani suna jikan mai rediyo. Ban kula shi ba.

Asabar, 6 ga Yuli
Na kai wa Inna sabon hoton tana tsintar wake. Niyyata in tuhume ta don me ba ta taɓa gaya mani ba. Ta kai shi kusa da ido, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Muntaka, wane ne wanga?"

Na ce ai mijinki ne. Sai dariya, har da hawaye. Da na tuhume ta, wai ban taɓa tambaya ba ne. Ashe Kaka jakuna yake kora da gero, kuma ran da ya kawo mata hoton, tun ba ta buɗe baki ba ya ce mata riga ta aro ce, agogon ma ba ya tafiya.

"Ƙahwahun nan kaɗai an nashi," in ji ta, "su kuma ka ɗebe. Da su yaka takowa tun daga Burkusuma don ya gan ni."

Ta miƙo mani nawa, ta ce in maido mata tsohon, wannan alhajin ba ta san shi ba.

Litinin, 8 ga Yuli
An yi suna, gida ya cika, tuwo har ya yi saura. Na rataya hoton a zaure ba takalmi. Dama sau-cikin bai zauna daidai ba, shi ya sa na cire, ba don komai ba.

Surukina ya tsaya gabanshi ya tambaya ko wannan ne attajirin. Na ji bakina ya ce kakana ne, mai jakuna. Ya ce nashi uban ma da raƙumin wani ya yi hoto, muka yi ta dariya.

Da ana yi wa Labbo ƙarami wanka na leƙa. Na daɗe ina kallon ƙafafunshi. Manya ne.