Raƙuman Madugu Bahago

Ƙofar Kuyambana, Zariya
4 ga Yuli

Abban Maryam,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan lafiya lau. Maryam ta fara tsayawa da kanta, Baba da Umma suna gaishe ka.

Akwai abin da na ɓoye maka wata bakwai. Madugu Bahago, wanda ya fice daga wasan Ayari da ka ƙirƙira, Baba ne, mahaifinka. Tun da idanunsa suka daina gani ya daina fita zaure, ka sani. Da na lura wasan naka rubutu ne zalla, sai na saita masa waya tana karanta masa, yana ba da amsa da murya. Ya roƙe ni kada in faɗa maka.

Da raƙumi biyu ya fara, har ya tara arba'in. Da ka buɗe sayen raƙuma da kuɗin gaske, wani Abdulwahab ya sayi ɗari rana ɗaya, ya riga shi rijiya, na Baba suka mutu da ƙishirwa. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Hassana, ban ga laifin mai saye ba, sayarwa aka yi. Amma a daina ce mana tsere muke yi." Ya miƙo mini wayar. Kwana shida ke nan ya koma ɗaki, abincin ma sai Umma ta matsa masa.

Na san riƙe wasan a intanet ba kyauta ba ne, daga albashinka yake fita. Ban san mafita ba. Na dai kasa ci gaba da yin shiru.

Taka,
Hassana

19 ga Yuli

Abban Maryam,

Assalamu alaikum. Ya jiki, murar ta sake ka? Yau da sanyin zuciya nake rubuto maka.

Na ji tsoron za ka yi fushi, sai ga sanarwarka a zauren wasan: an daina sayar da raƙuma, mai son taimakawa ya biya a sa wa rijiya ko zango sunansa. Sau uku na karanta wa Baba.

Ashe Abdulwahab ɗan Tudun Jukun ne a nan Zariya, nas ne a asibiti. Da na ba shi labari ta saƙo, ranar Juma'a ya zo gaishe da Baba da ledar lemo. Na zaci haƙuri zai bayar ya tafi, sai ya zauna ya kawo nasa ƙorafin. Ya ce, "Baba, ku kuna da yini guda, ni minti goma nake samu tsakanin marasa lafiya. In kuɗina rashin adalci ne, lokacinku fa?"

Sai Baba ya yi dariya, irin wadda rabona da jin ta tun kafin ciwon idon. Ya ce yaron ya yi gaskiya. Suka yi ta gardama har la'asar, suka tsaya a kan kowa ya yi tafiya uku kacal a rana, mai aiki da mai hutu. Shawarar da Abdulwahab ya turo maka ke nan, tasu ce su biyu, ka duba ta.

Baba ya koma wasan da raƙumi biyu, kuma a zaure yake zama yanzu. Jiya ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Na durƙusa na gaya masa ni na tona masa asiri. Ya ce ya gane tun ranar sanarwar, kuma ya yafe. Na tambaye shi me ya sa tun farko bai so ka sani ba. Ya ce tun da ya makance kowa sassauta masa yake yi, a wasan nan ne kaɗai ake kayar da shi da gaske. Ga saƙonsa gare ka, yadda ya faɗa: "Ki ce wa Suhail, in ya kuskura ya ƙara mini ko raƙumi ɗaya don tausayi, na bar wasan har abada."

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Hassana